Alhaji da Maroƙinsa a Gidan Kitse

(Unguwar Hamsted, arewacin Landan. Alhaji ya zo ganin likita, ya taho da maroƙinsa don kada kewar kirari ta ƙara masa hawan jini. Ɗan ƙanensa, Ɗan Boko, ya ja su gidan tarihin sha'iri John Keats, wato Kits.)

ALHAJI: Kai yaro, cewa ka yi gidan babban mutum za mu. Ina zaure? Ina barori?

ƊAN BOKO: Baffa, nan Kits ya zauna daga 1818 zuwa 1820. Sashen abokinsa ne ma, haya yake biya.

ALHAJI: Kitse?

MAROƘI: Kitse mai sa tukunya ƙyalli! Kitse na gaban...

ƊAN BOKO: Dakata. Tarin fuka ne ya cinye shi, ya mutu a birnin Rum a 1821 yana ɗan shekara 25.

MAROƘI: Ashsha. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

ƊAN BOKO: Yana cikin waɗanda ake kira mawaƙan Romantik.

ALHAJI: 'Yan waƙar soyayya ke nan. Shi ya sa ya rame.

ƊAN BOKO: Ba soyayya kaɗai ba, Baffa. Daji, tsaunuka, shauƙi, 'yanci. A lambun nan ya zauna gindin bishiya ya rubuta wa wani tsuntsu waƙa.

MAROƘI: Tsuntsun ya ba shi nawa?

ƊAN BOKO: Tsuntsu fa na ce.

MAROƘI: To da wa zai yi kuka? Ni shekara talatin ina sana'ar nan, ban taɓa wasa wanda ba shi da aljihu ba.

ƊAN BOKO: Da ma aikin likita ya koya, ya ajiye don waƙa. A 1818 wata mujalla ta Edinbara ta yi masa tatas, ta ce ya koma kantin magani ya ci gaba da ƙulla ƙwayoyi.

ALHAJI: Wallahi shawara ce ta ɗan'uwa. Ka san ribar kemis kuwa?

ƊAN BOKO: Da zai mutu ya ce kada a sa sunansa a kabari, a rubuta kawai cewa ga wanda aka rubuta sunansa a ruwa.

MAROƘI: Rubutun sha? Na farin jini ne ko na kasuwa?

ƊAN BOKO: Nufinsa za a manta da shi. Sai ga shi a 1925 an buɗe gidan nan don jama'a, yau har daga Japan ake zuwa kallon zoben da ya ba budurwarsa.

ALHAJI: Ihu bayan hari. To a cikinsu babu wanda ya ci kasuwa da ransa?

ƊAN BOKO: Akwai Bairon.

MAROƘI: Bairo? Suna linzami! Ai dole ya yi rubutu.

ƊAN BOKO: Basarake ne. A 1814 wani littafinsa ya sayu kwafi 10,000 rana ɗaya.

ALHAJI: Yauwa, ga ɗan halak!

ƊAN BOKO: Amma kuɗin littafin sai ya bar wa wani, wai bai dace da basarake ya ci kuɗin waƙa ba, alhali bashi ya yi masa katutu.

ALHAJI: Na janye.

ƊAN BOKO: Tun yana jami'ar Kambirij aka hana ɗalibai ajiye kare, sai ya kawo beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, tunda doka ba ta ambace ta ba. Ga rigimar mata. A 1816 ya bar Ingila bai sake dawowa da rai ba, ya mutu a Girka a 1824. Babbar majami'ar Westminista ta ƙi karɓar gawarsa, sai 1969 aka sa masa dutsen tunawa a ciki.

MAROƘI: Fushin shekara 145? Ko kishiyoyi sukan gaisa ranar salla.

ALHAJI: Duk babu mai hankali a garken nan?

ƊAN BOKO: Sheli an kore shi daga jami'ar Oksfod a 1811, ya nutse a teku kusa da Italiya a 1822, aka tsinci littafin Kits a aljihunsa.

ALHAJI: Ka ji! Ƙila ma shi kaɗai ya saya.

ƊAN BOKO: Sai Wodswot. Shi ya kai shekara 80. Da ƙuruciya yana yabon juyin juya halin Faransa, a 1813 ya karɓi aikin gwamnati na sayar da kan sarki na haraji. Samarin mawaƙa suka ce ya sayar da kansa.

ALHAJI: Samarin da suka mutu ba ko sisi?

ƊAN BOKO: A 1843 Sarauniya Biktoriya ta naɗa shi Sarkin Waƙa. Har ya rasu a 1850 bai yi wa fada waƙa ko ɗaya ba.

MAROƘI: (ya cire hula) Shekara bakwai da sarauta, ba ko baiti? Wod... Wos... sunanka ya fi ƙarfin bakina, amma kai ne gwanina!

ƊAN BOKO: Masana dai har gobe suna gardama. A zamaninsu Bairon ne tauraro, Kits abin dariya. Yau da yawa sun fifita Kits.

ALHAJI: Wato wanda aka hana kuɗi shi ya yi suna.

ƊAN BOKO: Kusan haka, Baffa.

MAROƘI: Allah ya ja zamaninka, tunda an zo maganar kuɗi, akwai kirarin salla biyu da na bikin Hajiya ƙarama...

ALHAJI: Haba! Ni zan toshe maka hanyar shiga tarihi? Ka ci gaba da haƙuri, shekara ɗari kamar gobe ne.

MAROƘI: Ranka ya daɗe, sunana a rubuta shi a ruwa, a kunu ma na yarda. Adadin dai a rubuta a cek.

ALHAJI: Yaro, tambayo mini matar can ta bakin ƙofa. Idan mutum ya mayar da ɗakin maroƙinsa gidan tarihi, nawa ake karɓa kan kowane kai? Kuma dole ne sai ya mutu tukuna?