Wayar da Kai Ta Ishe Mu a Titunan Yamai

An sake kaɗa mana gangar da muka saba ji. Da zarar haɗurra sun yi yawa a Yamai, ko kuma Nuwamba ta kama, watan da duniya ke tunawa da waɗanda suka rasu a kan hanya, sai a buga riguna da huluna, a kama ɗakin taro a otal, a ɗora lasifika bisa mota a zaga gari ana roƙon jama'a su kiyaye dokar hanya. Gidajen rediyo su gayyato masana, kowa ya ce matsalar rashin ɗa'a ce, maganinta kuma wayar da kai. A raba kuɗin zama, a watse. Washegari da ƙarfe bakwai da rabi na safe ka je bakin gadar Kennedy ka ga abin da taron ya gyara.

Wanda ake wayar wa kai, ai wanda bai sani ba ne. To wane direba ne a garin nan bai san jar wuta tana nufin ya tsaya ba? Ɗan firamare ma ya sani. Mutumin da ke keta wuta a Wadata, ya yi kwana a tsakiyar titi a Katako, shi ne dai za ka gani ya natsu ya kama hannunsa idan ya biyo ta gaban fadar shugaban ƙasa ko ƙofar barikin soja. Ba wanda ya yi masa bita tsakanin wuraren biyu. Ya dai san inda ake biyan kuɗin ganganci da inda yake kyauta.

A fara da ɗan taksi, tunda shi aka fi zagi. Da yawansu motar ba tasu ba ce. Mai mota yana jiran kuɗinsa na rana, ko an samu ko ba a samu ba, ko ruwa ya cinye hanya, ko an kwana a layin gidan mai. Sai direba ya haɗa wannan kuɗi, ya fitar da na mai, sannan abin da ya rage ya zama na cefane. Kuma taksin Yamai na haɗaka ne: kujera huɗu, mutum huɗu, kowa da inda za shi. Saboda haka idon direba ba ya kan titi, yana gefen titi, yana neman hannun da zai ɗaga. Ya gani, ya taka birki nan take ba sigina, ya leƙo ya ji unguwa, in ba ta yi masa ba ya fizgi mota ya koma cikin sahu ba tare da ya dubi madubi ba, in ma akwai madubin. Idan ya ce bari ya nemi wurin tsayawa mai kyau, na bayansa ya ɗauke fasinjan. Haka ƙananan bas na faba-faba suke, haka adaidaita, haka kabu-kabu a unguwannin gefe. Duk wanda ya bi doka a cikinsu shi ne zai koma gida da ƙaramin rabo. Mun kafa sana'ar da ke hukunta mai haƙuri kowace rana, sannan mun ɗauko lasifika muna yi masa wa'azin haƙuri.

Ban wanke su ba. Akwai masu shaye-shaye a cikinsu, akwai masu waya a kunne, akwai wanda bai kamata a ba shi ko amalanke ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Me ya sa gari guda ya rataya wuyansa a kan taksi da babur? Saboda babu abin hawa na jama'a da za a dogara da shi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan ɗaya a Yamai, kuma tun daga lokacin garin sai faɗaɗa yake, ana yanka filaye ta kowace kusurwa, alhali ma'aikatu da manyan kasuwanni da babban asibiti suna nan cunkushe a tsakiya. Jami'ar Abdou Moumouni tana ƙetaren kogi. Kowace safiya dubban mutane na kwararowa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ta hanyoyin gudron 'yan ƙalilan. Kamfanin bas na gari, SOTRUNI, yana nan da sunansa, amma ka tambayi ma'aikacin da ke zaune a Talladje ko Lazare ko zai iya yi wa maigidansa alkawarin isa aiki a kan lokaci da bas. Tashar jirgin ƙasa kuwa an buɗe ta da biki a 2014, an shimfiɗa dogo har Doso, har yau ba wanda ke zuwa aiki da shi. Wanda ya samu hali ya sayi tsohuwar mota da Turai ta gama da ita, wanda bai samu ba ya sayi babur ya ɗora mata da 'ya'ya uku.

Abin da aka yi da kuɗin kuma kowa ya gani. Gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta Diori Hamani a 2018, babbar hanyar filin jirgi domin taron Tarayyar Afirka na 2019, ga gada ta biyu a kan kogi tun 2011, ga ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. Sun yi kyau a hoto, kuma sun rage wa masu mota wahala a wasu wurare, ban musa ba. Sai dai an gina su ne da tunanin mai mota kaɗai, a garin da mafi yawan mutanensa ba su da mota. Titi mai faɗi kuma santsi gayyata ce ga gudu, kuma mota idan ta ninka gudunta, tazarar da take buƙata kafin birki ya tsayar da ita ninkawa take sau huɗu. Tsohuwar da ke son ƙetarawa da tallarta ba ta da inda za ta bi sai tsakanin motocin. Gefen titin da ya kamata ya zama na masu ƙafa, inda ma aka yi shi, ya koma wurin ajiye mota da teburin mai shayi da tulin yashi. An rusa shaguna a bakin hanya a 2016 da sunan ƙawata gari. A je a duba abin da ya maye gurbinsu.

Sai kuma maganar da ba a yi a ɗakin taro, don masu laifin ne ke zaune a sahun gaba. Wa ke koya wa garin nan cewa doka ta talaka ce? Babbar mota mai baƙin gilashi da ke bi ta hannun da ba nata ba tana haska fitila a kauce mata. Motar ma'aikata da aka ba direba don aikin ƙasa, ga ta tana haurawa kan dakalin tsakiyar titi don ta kai yara makaranta. 'Ya'yan masu hali da ke mayar da rakiyar amarya filin wasan mota, suna juyi da ƙarar taya a tsakiyar jama'a, waɗansunsu ko shekarun karɓar permi, wato lasisin tuƙi, ba su kai ba. Idan ɗan sanda ya yi ƙarfin halin tsayar da ɗayansu, kafin ya buɗe littafi an miƙo masa waya: ga Alhaji, ga Mon Kolonel, yi magana da shi. Ɗan kabu-kabu yana gefe yana kallo. Wannan darasi ya fi duk wata sanarwar rediyo shiga kai, kuma kullum ake bayar da shi kyauta. Shi ma ɗan sandan ya koyi nasa: babba ba ya kamuwa, ƙarami kuma ana iya sasantawa da shi da jikka guda a bayan mota. Tarar da ake ciniki a kanta ta zama kuɗin shiga kasuwa, direba ya sa ta cikin lissafin rana tare da kuɗin mai.

Masu cewa baƙi ne daga ƙauye suka ɓata tuƙin Yamai, su duba lambar motocin da ke keta wuta a unguwar manya ta Plateau. Masu cewa a hana babur da adaidaita gaba ɗaya, su fara faɗa mana da me mai naƙuda za ta fito daga unguwar da taksi ba ya shiga da damina. Masu cewa haɗari ƙaddara ce kuwa, ajali gaskiya ne, amma ban taɓa jin malamin da ya ce a saki birki a dogara ga Allah ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma Afirka, wadda ta fi kowace nahiya ƙarancin motoci, ita ce ta fi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Ƙaddarar da ke zaɓen nahiyar da ba a gwajin tuƙi da gaske, ba a duba lafiyar mota, ba a tambayar hular kwano, ta cancanci a sake dubanta.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne, kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER da ofishin magajin gari sun fi ni saninsa. A zuba bas masu yawa a kan manyan layuka, su riƙa tashi a kan lokaci. A ware wa taksi wuraren tsayawa. A sa tara ta zama da takarda, a biya ta inda ɗan sanda ba ya taɓa kuɗin. A daina ba da permi ga wanda ba a ga tuƙinsa ba. Kuɗin riguna da huluna na bana kuma a sayi fenti da shi a zana wa yara wurin ƙetarawa a ƙofar makarantu.

Amma kafin duk wannan, ina son in ga rana ɗaya an ɗaure motar wani babban darakta a furiya, inda ake tsare motocin da aka kama, saboda ta keta jar wuta, ta kwana uku a can, an kira waya an kira har an gaji, ba a sake ta ba sai da ya zo da kansa ya biya ya karɓi rasit.