'Yar uwa mai sana'a, jikinki ma yana da haƙƙi a kanki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan tunatarwa ce ga 'yan uwana mata masu neman na kansu, musamman wadda ita kaɗai ce a kan sana'arta. Ita ce mai shiga Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ta saro kaya, ita ce mai ɗaukar hoto ta ɗora a WhatsApp, ita ce mai amsa waya, ita ce mai ƙulle kaya ta hau adaidaita sahu zuwa tasha, in ta dawo kuma ga tukunya da yara suna jira. Mai ɗinki, mai turaren wuta da humra, mai cincin da alkaki, mai sayar da atamfa daga cikin ɗaki, Allah Ya sa albarka a nemanku. Sana'ar mace abu ne da Musulunci ya yarda da shi. A Sahihu Muslim, Jabir (RA) ya ce an saki 'yar uwar mahaifiyarsa, ta so fita ta tsinki dabinonta sai wani mutum ya hana ta. Da ta kai magana wajen Annabi (SAW) sai ya ce ta je ta tsinka, wataƙila ta yi sadaka ko ta aikata wani alheri da shi.

Amma akwai wani yabo da muke yi wa juna wanda yake ba ni tsoro. "Wance ai ba ta zama." "Ko barci ba ta yi, mace mai kamar maza." Ita kuma baiwar Allah tana jin daɗi, tana ƙara matse kanta don kada yabon ya tsaya. Sai ranar da aka kwantar da ita a asibiti aka ce jininta ya hau, masu yabon su zo dubiya da lemo da ayaba, masu sayen kayan kuma su koma wajen wata tun kafin a sallame ta.

Mu duba Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da su. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarinta daga bakinta. Ta ce Zubairu ya aure ta ba shi da dukiya ba shi da bawa, sai raƙumin ban ruwa da doki. Ita ke ciyar da dokin, ita ke ɗebo ruwa, ita ke ɗinke guga in ya yage, ita ke kwaɓa gari. Tana ɗauko ƙwallayen dabino a kanta daga gonar Zubairu, tafiyar da ta haura kilomita 3. Wannan sashen kowa ya haddace shi, ana yawan karanta mana shi a wa'azin haƙuri. Amma a cikin hadisin dai ta faɗi wasu abubuwa biyu da ba a cika tsayawa a kansu ba. Ta ce ba ta iya gashin gurasa sosai ba, maƙwabtanta matan Ansar ne suke gasa mata, kuma ta yabe su da cewa mata ne na gaskiya. Sannan ta ce da mahaifinta ya aiko mata da mai hidima wadda ta ɗauke mata kula da dokin, ji ta yi kamar ya 'yanta ta. Ku ji fa, kamar ya 'yanta ta. Sahabiya ce mai daraja, ba ta ɓoye cewa aikin ya yi mata nauyi ba, ba ta ji kunyar cewa ga abin da ban iya ba, kuma da taimako ya zo ba ta mayar da shi ba.

Nana Khadija da muke alfahari da kasuwancinta, ba ita ke bin ayari zuwa Sham ba. Ɗaukar mutane take yi ta ba su dukiyarta su juya a raba riba, da ta ba Annabi (SAW) dukiyarta kuma sai ta haɗa shi da yaronta Maisara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san wata za ta ce, to ai Nana Faɗima ta nemi mai aiki ba a ba ta ba. Haka ne. Dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta, ta je neman mai hidima, Annabi (SAW) ya koya mata ita da Sayyidina Aliyu tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34, ya ce wannan ya fi musu mai hidima. Mu riƙe wannan zikirin da kyau, magani ne. Sai dai a lura, bai yi mata faɗa don ta nema ba, kuma a ruwayar Imam Ahmad ya bayyana dalilin hanin, cewa ba zai ba su ba ya bar mutanen Suffa, talakawan sahabbai da ke zaune a masallacinsa, da yunwa. Sannan zikirin nan lokacinsa idan an zo kwanciya ne. Wadda take kan keken ɗinki har kiran assalatu, yaushe ta kwanta balle ta yi shi?

Akwai hadisin da ya fi kowanne kashe mini jiki a wannan babi. Anas (RA) ya ce Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Ya tambaya, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar sallah sai ta riƙe ta. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. To idan nafila, wadda ganawa ce da Ubangiji, an ce a dakata da ita in jiki ya gaza, ina ga ɗinkin anko da suyar cincin ɗin biki? Haka Salmanu ya gaya wa Abud Darda'i: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Gajiyar da nake magana a kai ba wadda barcin dare ɗaya ke warkarwa ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta kuma ambaci alamu uku: ƙarewar ƙarfi, zuciya ta fita daga aikin, da raguwar ingancinsa. A wajenmu ga yadda take zuwa. Waya ta yi ƙara gabanki ya faɗi. Sana'ar da kika fara da ɗoki yanzu ko ganin kayan ba kya son yi. Kin fara yanka yadi ba daidai ba, kin fara aika kayan Hajiya wance gidan wata. Yaro ya ce "Umma" kin daka masa tsawa ba laifin komai. Sallah ta zama a gurguje, kina sujada kina lissafin wanda bai turo kuɗi ba. Keken ɗinkinki ma kina zuba masa mai ki bar shi ya huce.

Ki sa wa sana'arki lokacin rufewa. Allah Ya ce a Suratun Naba'i Ya sanya barci hutu, dare sutura, yini kuma lokacin neman abinci. Saƙon da ya shigo ƙarfe 12 na dare zai iya kwana. Wadda za ta yi fushi don ba ki amsa mata a tsakar dare ba, daman ba mai zama ba ce. Ki mayar da ƙarfinki ga safiya, domin Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma Sakhrul Gamidi da ya ruwaito hadisin ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura kayansa, har ya yi arziki.

Sai bashi. Wallahi rabin ciwon kan mata masu sana'a daga nan yake, kuma yawanci na dangi ne da ƙawaye. "Aunty ki ba ni, ƙarshen wata." Ke kuma kunya ta hana ki tambaya, uwar kuɗi tana narkewa, kina kwana kina juyi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Ki sayi littafi ki rubuta, da suna da rana. In ba za ki iya bayarwa ba ki ce ba hali, da fara'a. Haka nan gab da sallah, kada ki karɓi ɗinki kala 60 alhali 30 ne ƙarfinki. Ƙarshensa saɓa alkawari ne da ƙarya a waya, ga zunubi ga rashin barci. Ibnu Majah ya ruwaito cewa rai ba zai mutu ba sai ya cika arzikinsa, don haka a ji tsoron Allah a kyautata nema.

Na san tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na kaya sun tashi, kuma abin da mace ke fara yankewa shi ne ladan mai taya ta. Ki sake lissafi. Yarinya mai goge kaya ko yaron da zai kai saƙo tasha, ki sa ladansu cikin farashin kaya kamar yadda kike sa kuɗin leda, ki kuma biya su a kan lokaci. In hakan bai yiwu ba, ku haɗu ku biyu ko uku a unguwa, yau wannan ta shiga kasuwa ta saro wa kowa, gobe waccan.

Ku kuma mazaje da iyaye da yayye, da ku ake. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Malam, ribar matarka tata ce, ciyarwa kuma tana kanka ko da ta fi ka samu. In ka ga tana yawan riƙe kai, ko tana kukan jiri da bugun zuciya, kada ka tsaya a "sannu" da Panadol. Ka riƙe yaran, ka kai ta a auna jininta cikin makon nan.