Lara ko Tendulkar: dalilin da ya sa na karkata ga ɗan Trinidad

A watan Yulin 2025, a birnin Bulawayo na ƙasar Zimbabuwe, Wiaan Mulder, wanda ke jagorantar Afirka ta Kudu a wasan kurket da suka kara da Zimbabuwe, ya tara maki 367 ba a fitar da shi ba, saura 33 kacal ya kamo maki 400 da Brian Lara ya kafa tarihin maki mafi yawa a zagaye guda da su a 2004. Sai ya rufe zagayen ƙungiyarsa da kansa, yana mai cewa Lara ne ya cancanci ci gaba da riƙe wannan kambu. Wasu sun yaba masa, wasu sun ga wautarsa, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda lamarin ya sake tayar da tsohuwar gardamar nan da masoya kurket ba su gaji da ita ba: tsakanin Lara ɗan Trinidad, wanda ya buga wa Wes Indis (haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙasashen Caribbean), da Sachin Tendulkar na Indiya, wa ya fi iya riƙe sanda a wasan kwana biyar, wanda ake kira Tes?

Na karkata ga Lara, kuma na san cewa alƙaluma a dunƙule ba sa tare da ni. Tendulkar ya buga wasan Tes 200 daga 1989 zuwa 2013, ya tara maki 15,921, ya ci ɗari ko fiye a zagaye guda har sau 51, kuma babu wanda ya kai shi a ɗaya daga cikin waɗannan ukun a lokacin da ya ajiye sanda. Lara wasa 131 ya buga daga 1990 zuwa 2006, da maki 11,953 da ɗari sau 34. Tendulkar ya fara fuskantar masu jifa na Pakistan, Wasim Akram da Waqar Younis, a Karachi yana ɗan shekara 16, ya ci ɗarinsa ta farko a filin Old Trafford na Ingila yana da 17, kuma ya shafe shekara 24 yana ɗauke da burin al'ummar da ta haura mutum biliyan ɗaya ba tare da an cika jin sa a rigima ba. Wanda ya ce wannan ne gwanin gwanaye bai faɗi abin kunya ba, musamman da yake Don Bradman, shahararren mai bugun Ostireliya, da kansa ya taɓa cewa salon bugun Tendulkar yana tuna masa da nasa.

Sai dai in an warware alƙaluman, tazarar tana raguwa ƙwarai. Matsakaicin makin Tendulkar 53.78 ne, na Lara 52.88, wato bambancin bai kai maki ɗaya ba. Shi kuwa wannan lissafi ana raba jimillar maki ne da yawan lokutan da aka fitar da ɗan wasa, don haka yana fifita wanda zagaye ya sha ƙarewa yana tsaye. Tendulkar ya samu hakan sau 33, Lara sau 6 kawai. In aka raba da yawan shiga fili, Lara ya haura maki 51 a kowace shiga, Tendulkar kuwa ya ɗan haura 48. Dukansu biyu a shiga ta 195 suka cika maki 10,000. Saboda haka fifikon Tendulkar na tsawon zamani ne da ɗorewa, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma bai nuna cewa ya fi Lara illa ga abokin karawa a duk ranar da suka ɗauki sanda ba.

Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne ƙungiyar da kowannensu ya tsinci kansa a ciki. Lara ya zo ne a daidai lokacin da rana ke faɗuwa ga Wes Indis. Ƙungiyar da ta yi shekara 15 ba a doke ta a jerin wasannin Tes ba ta faɗi a hannun Ostireliya a gida a 1995, kuma daga nan gangara ta ci gaba. Manyan masu bugu Viv Richards da Gordon Greenidge da Desmond Haynes sun tafi, daga baya masu jifa Curtly Ambrose da Courtney Walsh suka bi su, aka bar Lara da Shivnarine Chanderpaul suna toshe ɓaraka nan tana ɓullowa can. Tendulkar ma ya ɗanɗana irin wannan kaɗaici a shekarun 1990, amma rabin rayuwarsa ta wasa ya yi shi ne tare da Rahul Dravid da VVS Laxman da Sourav Ganguly da Virender Sehwag, jerin masu bugu da Indiya ba ta taɓa samun kamarsa ba. Mai shiga fili da sanin cewa in ya faɗi akwai wanda zai tallafa, ba ɗaya yake da mai shiga da sanin cewa faɗuwarsa ita ce faɗuwar kowa ba.

A duba abin da ya faru a 1999. Wes Indis ta dawo daga Afirka ta Kudu an lallasa ta 5 da babu, hukumar wasan ta ba Lara kyaftin na wasa biyu kawai a matsayin gwaji, sannan a wasan farko da Ostireliya, a Trinidad mahaifarsa, aka fitar da ƙungiyar gaba ɗaya a kan maki 51. A wasa na biyu a Kingston ya ci 213 aka yi nasara. A na uku a Bridgetown ana neman maki 308, mutum biyar suka fita a kan 105, sannan takwas a kan 248 (in goma suka fita an gama da ƙungiya), ga Glenn McGrath da Jason Gillespie da Shane Warne suna jifa. Lara ya riƙe wasan tare da Ambrose, wanda aikinsa jifa ne ba bugu ba, sannan da Walsh, wanda ya yi suna wajen fita ba tare da maki ko ɗaya ba, har ya aika ƙwallon ƙarshe zuwa iyakar fili yana da 153, saura mutum ɗaya tak a fitar a gama da su. Gaskiya ne Ian Healy na Ostireliya ya saki ƙwallon da zai iya fitar da shi dab da ƙarshe, kuma da ya riƙe da labarin ya sauya. Duk da haka, da mujallar Wisden ta jera fitattun bugu a tarihin Tes a 2001, wannan ne ya zo na biyu, bayan 270 na Bradman. Ni ban san wani bugu na Tendulkar da ya kai wannan ba, in aka haɗa ƙarfin masu jifa da raunin abokan tafiya da abin da ke kan ɗan wasan na matsin lamba.

Mafi kusa da shi, kuma abin tausayi, shi ne 136 da Tendulkar ya ci a Chennai a farkon wannan shekarar ta 1999, a karawa da Pakistan, yana fama da ciwon baya mai tsanani. Ya kawo Indiya dab da gaci, Saqlain Mushtaq ya fitar da shi, sauran suka zube, aka sha kashi da maki 12. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawarsa ba, domin ratar da ke tsakanin ranarsa da ta Lara ƙwallo ɗaya ce da aka cafe a nan aka saki a can. Kuma ya rama a wannan fili a 2008, makonni kaɗan bayan harin Mumbai, inda ya ci 103 ba a fitar da shi ba Indiya ta cimma maki 387 a kan Ingila. Amma a wannan rana Sehwag ne ya fara fasa hanya da bugu mai zafi, Yuvraj Singh kuma ya tsaya tare da shi har ƙarshe.

Sai kuma Sri Lanka a 2001, inda Lara ya ci maki 688 a wasa uku, a filayen da Muttiah Muralitharan ke murɗa ƙwallo yadda ya ga dama, ciki har da 221 da 130 a wasa guda a Colombo. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na dukan makin ƙungiyar daga sandarsa suka fito, amma aka doke su a wasannin uku duka. Wannan jeri shi ne hoton rayuwar wasansa: sau 63 aka doke ƙungiyarsa yana cikin fili, kusan rabin wasannin da ya buga ke nan.

Akwai hujjoji biyu da magoya bayan Tendulkar ke kawowa waɗanda ban iya turewa ba. Ta farko ita ce wasa a waje. Matsakaicin Tendulkar a ƙasashen waje ya ɗara na gida, alhali na Lara ya sauko daga wajen 58 a gida zuwa ƙasa da 48 a waje, kuma McGrath shi kaɗai ya fitar da shi sau 15. Ta biyu ita ce kamun kai. A Sydney a 2004, bayan ya lura cewa wani bugu da yake ƙauna ta ɓangaren dama shi ke ta jawo masa fita, Tendulkar ya haramta wa kansa shi gaba ɗaya, ya yi sama da awa goma a fili ya ci 241 ba a fitar da shi ba. Lara bai da irin wannan haƙuri a kowace rana. Yana ɗaga sanda sama sosai kafin ya sauke ta, salon da ke ba shi ƙarfi da kyan gani amma yake buɗe ƙofa ga mai jifa da sauri, kuma ya yi shekarun da hankalinsa ya rabu tsakanin fili da takun-saƙa da hukumar wasan yankinsa.

Ana kuma sukar 400 ɗin da ya ci a Antigua, cewa ya daɗe yana bugu don kansa har lokacin neman nasara ya ƙure aka tashi canjaras. Sukar tana da tushe, sai dai a tuna cewa Ingila ta riga ta ci wasa uku na farko, kuma abin da ke gaban Wes Indis a lokacin shi ne kauce wa a share ta a gidanta. A tuna kuma cewa a wannan fili, a kan wannan abokiyar karawa, ya ci 375 shekara goma kafin nan ya karya tarihin 365 da Garfield Sobers ya riƙe tun 1958, sannan bayan makonni kaɗan ya ci 501 wa Warwickshire a gasar cikin gida ta Ingila. Matthew Hayden na Ostireliya ya ƙwace kambun da 380 a watan Oktoban 2003, Lara ya karɓe shi cikin wata shida yana dab da cika shekara 35. Tendulkar, a shiga 329, mafi yawan abin da ya ci shi ne 248.

Da za a ce in gina ƙungiyar da za ta yi shekara ashirin tana yawo daga Perth zuwa Leeds zuwa Durban, Tendulkar zan fara rubutawa, ba tare da jinkiri ba. Amma wasan Tes ana cin sa ne ɗaya bayan ɗaya, kuma tambayar da nake auna mai bugu da ita ita ce abin da zai iya yi a rana ta biyar, fili ya tsattsage, mutum takwas sun fita, saura maki 60, mai jifa mafi haɗari a duniya yana riƙe da ƙwallo. An yi wa Lara wannan tambaya a Bridgetown a ranar 30 ga Maris 1999, kuma ya amsa ta tare da Ambrose da Walsh a ɗaya gefen.