Wannan "Auto" ɗin na cikin BIOS yana ɓoye mana gaskiya

Akwai wata kalma guda a cikin BIOS, shafin saitin da kwamfuta ke tashi da shi tun kafin Windows, da na daina yarda da ita kwata-kwata, wato Auto. Mutum ya haɗa sabuwar kwamfuta, ya kunna, bai taɓa saitin komai ba, shi a zatonsa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana tafiya ne yadda kamfanin da ya ƙera ta ya tsara, alhali tun kafin hoton farko ya fito a sikirin madabod, babban allon da ake dasa firosesa da sauran kayan a kai, ya riga ya yanke hukunci a madadinsa, ya buɗe mata wuta, ya ɗaga mata gudu, kuma bai ce masa uffan ba. Ni fa ba gudun nake ƙi ba, wa zai ƙi gudu? Ɓoyewar ce take ci min rai.

Masu bin harkar za su tuna watan Oktoban 2017 lokacin da Intel ta fitar da Core i7-8700K. Firosesa ce mai ƙwayoyin aiki 6, kuma a ƙa'ida ƙwaya ɗaya ce za ta iya kaiwa gigahaz 4.7 idan ita kaɗai ke aiki, in duk shidan suka ɗauki kaya lokaci guda sai su tsaya a 4.3. To sai aka ga sakamakon masu gwaji ya ƙi haɗuwa, wannan ya samu maki kaza wancan ya samu fiye da haka nesa, kuma firosesa iri ɗaya ce a hannunsu. Da aka tona sai aka tarar wasu madabod na Z370, irin da ake sa wannan firosesar a kai, suna zuwa da wani saiti a kunne, kamfanin madabod na ASUS na kiransa MultiCore Enhancement, wanda yake tura duk ƙwayoyin 6 zuwa 4.7 tare da ƙarin wuta. Gamers Nexus, masu gwajin kayan kwamfuta, na cikin waɗanda suka baje maganar a fili. Ka ga ke nan wasu daga cikin jadawalin da mutane suka kalla suka yanke shawarar abin da za su saya, ba firosesar da Intel ta rubuta a kwali suke nunawa ba, wata ce da aka yi wa allurar ƙarfi a bayan fage.

Dalilin da ya sa kamfanonin ke yin haka ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Madabod biyu masu cifset iri ɗaya, wato guntun da ke haɗa firosesa da sauran kayan, in ka sa musu firosesa ɗaya da RAM ɗaya, kusan maki ɗaya za su ba ka, bambancinsu yana wajen yawan ramukan USB da ingancin ɓangaren da ke rarraba wuta da irin su, abubuwan da ba sa fitowa a jadawali. Shi kuma mai saye idonsa na kan sandar da ta fi tsayi. Tun zamanin Pentium 4 ake wannan wasan, inda za ka ga agogon da ke tsara gudun firosesa wanda ya kamata ya tsaya a megahaz 200 yana nuna 201 ko 202. Yau ma in tushen agogo ya zama 100.5 maimakon 100, ka ninka shi sau 47 yadda ake yi a samu gigahaz 4.7, ka samu ƙarin wajen megahaz 23 wanda ba mai jin sa a aiki, amma ya isa ya ɗora sunan kamfani a saman layi.

Inda abin ya fi tsanani shi ne iyakar wuta. Intel tana da PL1, wutar da firosesa za ta zauna a kai na dogon lokaci, da PL2, wadda za ta iya haurawa na ɗan lokaci, sai kuma adadin daƙiƙun da aka yarje mata. A Core i9-10900K misali, wat 125 ne da wat 250, na daƙiƙa 56. A wancan lokacin madabod masu tsada da yawa sai su share wannan duka, su rubuta wat 4096 a wajen, wato dai babu iyaka, ki ci iya cinki har zafi ya tsayar da ke. Kuma a nan ba zan ɗora wa masu madabod laifin su kaɗai ba, don Intel ta daɗe tana ɗaukar waɗannan lambobin a matsayin shawara kawai, tana cewa sauya su bai fita daga ƙa'ida ba. Ai dole, tunda makin da ke fitowa sunanta yake ɗagawa a gaban AMD, abokiyar hamayyarta.

Kar wani ya ce ɓangare ɗaya nake bi. A 2020 manhajar HWiNFO, mai nuna zafi da wutar kayan kwamfuta, ta ƙara wani ma'auni saboda an gano wasu madabod na AM4 suna yi wa Ryzen, firosesar AMD, ƙarya game da yawan wutar da take sha, su ce mata kaɗan take ja, ita kuma sai ta ga ai da sauran fili ta ƙara ja. Wannan ma ya fi muni a wajena, don ko a BIOS ba lallai ka ga inda za ka kashe shi ba. A 2016 kuma an kama MSI da ASUS suna aika wa masu gwaji katin hoto na GTX 1080 da aka saita a kan gudu mafi sama, na kasuwa kuma yana zuwa a ƙasa da haka sai ka kunna da kanka.

Na san amsar da ake bayarwa, wai ai kyauta aka ba ka, ƙarin gudu ba ko sisi. Ba kyauta ba ne ɗan'uwa. Na taɓa haɗa wata kwamfuta don aikin tace bidiyo, na sayi abin sanyaya daidai da wat ɗin da aka rubuta a kwalin firosesa, ina fara fitar da bidiyo sai fanka ta hau kuka kamar za ta tashi sama, zafi ya manne a can ƙololuwa ya ƙi sauka. Sau biyu ina cire abin sanyayan ina goge man ina sake shafawa, ina ta zargin hannuna. Sai daga baya na shiga BIOS na bi layi-layi, na tarar da saitin nan na ƙarin gudu yana kan Auto, na mayar da shi Disabled, na sa iyakar wuta yadda take a takarda. Ɗakin ya yi tsit, aikin kuma ɗan lokacin da ya ƙaru bai kai ya dame ni ba. Da an tambaye ni tun farko, wannan zan zaɓa, amma ba a tambaye ni ba.

Sannan ga abin da ya faru a 2024 da jerin Core na 13 da na 14, irin su 13900K da 14900K masu iyakar wat 253, gem yana rufewa da kansa, kwamfuta tana faɗuwa ana tsakiyar aiki. Da farko Intel ta nuna yatsa ga saitin madabod, ta ce a koma kan nata saitin na asali, daga baya ta amsa cewa akwai matsala a nata lambobin cikin firosesar da ke neman wuta fiye da kima, ta fitar da gyara, ta ƙara shekara 2 a garanti. Don haka ba zan ce madabod ne ya jawo komai ba. Amma watannin da aka kwashe ana jifan juna da laifi sun nuna abu ɗaya ƙarara, ba wanda zai iya faɗa maka mene ne "asali", kowane kamfani da nasa. Kuma da aka koma kan iyakar Intel, makin wasu gwaje-gwajen masu nauyi ya sauka, ma'ana wanda ya saya saboda jadawalin ranar fitowa ba abin da ya gani ba ne a hannunsa yanzu.

Shi ya sa nake ganin nauyin ya rabu gida biyu. Masu madabod su bar Auto ya zama ƙa'idar mai firosesa tsantsa, in suna da ƙarin gudu su sa shi a maɓalli mai suna, su rubuta wat nawa zai ci, mai so ya danna da hannunsa. Masu gwaji kuma, waɗanda da yawansu suna ƙoƙari wallahi, su daina rubuta mana "saitin asali" su wuce. A faɗa mana wane madabod ne, wane BIOS ne da lambarsa, PL1 da PL2 nawa, PBO, saitin ƙarin gudu na ɓangaren AMD, na kunne ko a kashe, RAM ɗin a kan XMP ko EXPO, saitin da ke ƙara masa gudu, yake ko a'a, sannan a auna wutar da na'ura daga waje kar a dogara da abin da madabod ya faɗa. In za a gwada da saitin madabod a buɗe ba laifi, a yi, ai haka mutane da yawa za su yi amfani da ita, amma a ajiye sandarsa daban kusa da ta ƙa'ida, kuma kowacce a rubuta wat ɗinta a gefe.