Bakano da Bazazzagi a Shagon Tako

Birnin Houston, jihar Teksas, gab da magariba. Alhaji Bakano ya yini a filin gwanjon motocin da suka yi hatsari yana zaɓen na lodawa gida. Tare da shi akwai Bazazzagi, wanda ya biyo shi da sunan tafinta, da Malam, wanda ya zo ganin likitan ido. Ɗan ƙanwar Alhaji, mai tuƙa tasi a garin, ya tsayar da mota a gaban wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin gidan wanki da mai gyaran taya. Tebura shida ne a ciki, talabijin na nuna ƙwallo, wata dattijuwa na bayan kanta.

ALHAJI: Kai yaro, cewa na yi ka kai mu inda za mu ci tuwo, ka kawo mu bayan mai faci?

YARO: Kawu, akwai gidan abincin 'yan Najeriya a titin Bissonnet, amma kwano ɗaya ya haura dala 20. Nan kuwa dala 3.

ALHAJI: Mu shiga. Faci ma ai sana'a ce.

BAZAZZAGI: Ku bar mani magana da matar nan. Shekara ashirin ina kallon ƙwallon Sifen, yarensu ya zauna mani a kunne. (Ya ɗaga hannu.) Hala Madrid!

MAI SHAGO: (Ta nuna tutar da ke bango.) Chivas!

BAZAZZAGI: Me ya ce?

YARO: Ta ce awaki.

BAZAZZAGI: Mu ya kira awaki? Daga sallama?

ALHAJI: "Ta kira" ake cewa. Kuma kai kaɗai ta kalla.

YARO: Laƙabin kulob ɗinsu ne, Kawu. Na garinsu, Gwadalahara, a ƙasar Meksiko.

MALAM: Tsaya. Maimaita sunan garin.

YARO: Gwadalahara, Allah gafarta Malam. Daga Larabci ne, ta hanyar Sifen ya zo musu.

MALAM: Wadil hijara! Kwarin duwatsu! Allahu akbar. Ashe gida muka zo. Karanto mana abin da ke allon nan, ka fara da wancan mai "al" a gaba, da ganinsa halal ne.

YARO: Al pastor.

MALAM: Al wa?

ALHAJI: Al-Fasto ya ce. Malam, ka ga naka.

YARO: Ba faston coci ba. A yarensu makiyayi ke nan.

ALHAJI: To, naman Fulani. A sa mini uku.

YARO: Alade ne, Kawu.

(Malam ya ja kujerarsa baya, ya tattare bakin rigarsa.)

MALAM: Wane irin makiyayi ne wannan?

YARO: Kun ga wancan naman da ke juyi a jikin ƙarfe, da abarba a ka? Shawarma ce asalinsa. Kwarori ne suka zo da ita daga Labanan, suka sauka a garin Puebla, da naman rago suke yi. 'Yan gari suka karɓa, suka sauya dabba, suka bar sunan.

ALHAJI: Kwara! Ba inda bai riga mu zuwa ba. Ka je wata ma sai ka tarar ya buɗe gidan burodi.

BAZAZZAGI: A bar wannan. Mene ne wancan ƙaton mai kama da filo?

YARO: Burrito.

MALAM: A'uzu billahi! A gaban manya?

ALHAJI: Ashe akwai Bakatsine a kicin ɗin.

YARO: Ba ashar ba ne, Malam. Ma'anarsa ɗan jaki.

ALHAJI: Kun ji ko! Ina ta tambayar inda jakunan Maigatari suke ɓacewa.

YARO: Babu jaki a ciki. Naman sa ne da shinkafa da wake, a naɗe.

MALAM: Wato wanda aka ce makiyayi alade ne, wanda aka ce jaki kuma sa ne. Yaro, a garin nan idan aka ce maka ruwa, sai ka tambayi wa ya yanka. Ni a ba ni wake kawai. Wake dai ba ya buƙatar wuƙa.

YARO: Shi ma sai na tambaya. Wasu da kitsen alade suke soya shi, manteca suke ce masa. Har a cikin gurasar fulawa ana sawa.

MALAM: Har wake ba su bari ba!

(Yaro ya yi magana da mai shago. Ta yi dariya, ta ɗaga galan ɗin mai, ta nuna wani kasko daban a gefe.)

YARO: Ta ce direbobi Musulmi sun saba zuwa nan, 'yan Somaliya da 'yan Afganistan. Da man girki take yin wakenta, kuma za ta gasa namu a wancan kaskon da bai taɓa haɗuwa da makiyayi ba. Akwai na kifi ma, dala 4.

MALAM: Kifi. Yankan Annabi Yunusa, babu gardama.

ALHAJI: Ni na sa zan ci. Ai mutanen nan ma'abota Littafi ne, ga hoton Nana Maryamu can kusa da akwatin kuɗi. Suratul Ma'ida, aya ta 5.

MALAM: Alhaji, tun yaushe ka fara ba da fatawa?

ALHAJI: Tun da na ji kifi dala 4, sa dala 3.

YARO: Akwai lengua, harshen sa. Akwai cabeza, naman kai. Akwai tripa, hanji. Sai birria, farfesun akuya na can jiharsu.

ALHAJI: Harshe, kai, kayan ciki. Wannan ai mahautan Kano ne suka sauya yare. A ba Bazazzagi harshe, nasa ya kusa ƙarewa.

BAZAZZAGI: A ba Bakano kai, ko ya samu abin da ke ciki.

(Aka kawo abinci a kan farantan roba da aka lulluɓe da leda. Alhaji ya leƙa nasa, ya dubi yaron.)

ALHAJI: Wannan ɗanɗano ne, abincin na tafe?

YARO: Shi ke nan, Kawu. Tako ke nan.

ALHAJI: Tafin hannun jariri! Dala 3 sau 1,500, naira 4,500 ke nan. Da wannan kuɗin a Jakara sai na sayi gurasar da zan yi matashi da ita. (Ya ɗaga gefe, ya rage murya.) Kai, ku yi shiru. Fanke biyu ta shimfiɗa mini a ƙarƙashi. Kuskure ta yi, kada wanda ya gaya mata.

YARO: Haka ake yi, don kada romo ya fasa ta farko.

ALHAJI: (Ya raba su, ya kasa naman biyu.) Yanzu sun zama shida. Dala ɗaya da rabi kowanne. Na fara ganin mutuncin wurin nan.

MALAM: Ina cokali?

YARO: Da hannu ake ci, Malam. Ka matsa lemon tsami, ka naɗe, ka karkatar da kai, kada ka karkatar da takon.

MALAM: Da hannu! Ka ga sunna. Mutanen nan da'awa kaɗan suke buƙata.

ALHAJI: (Ya sunsuna.) Wannan ai tuwon masara ne aka yi masa guga.

YARO: Kusan haka. Sai sun dafa masarar da ruwan farar ƙasa ko toka, ta kwana, a wanke, sannan a niƙa. Shi ke sa ƙullun ya yi danƙo ya kama jikinsa, kamar yadda Inna ke jefa kanwa a tukunya. Su ne ma asalin masara a duniya.

BAZAZZAGI: Ƙarya ne. Masara daga Masar ya zo, sunan ma ya faɗa.

YARO: Ratsawa ta yi ta can, Baba. A kudancin Meksiko aka fara nomanta, wajen shekara 9,000 da suka wuce. Kalmar tumatir ma daga yaren mutanensu na dā ta fito. Barkono kuma daga wannan nahiyar ya bazu.

ALHAJI: Tsaya, tsaya. Babu masara, babu tumatir, babu barkono. To kafin nan da me Zazzagawa suke yin fate?

BAZAZZAGI: Da ilimi.

ALHAJI: Shi ya sa har yau bai yi kauri ba.

(Malam ya gatsa nasa, ya tsaya cak.)

MALAM: Ba a ɗauraye kwanon nan ba. Sabulu nake ji.

YARO: Wannan koren ganyen ne, silantro. Wasu haka suke jin sa, a halittarsu yake.

MALAM: To ni ina cikin wasun. (Ya fara tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.)

ALHAJI: Waɗancan kwanukan miya guda uku fa, nawa-nawa?

YARO: Salsa ce. Kyauta.

ALHAJI: Me ka ce?

YARO: Kyauta, Kawu. Da albasa da lemon tsami, ko nawa ka ɗiba.

ALHAJI: Shi ne tun ɗazu kake ba mu tarihin Kwarori ba ka faɗi wannan ba? Wannan koren mai kauri fa?

YARO: Wancan na fiya ne, gwakamole. Shi sai an ƙara dala 2.

ALHAJI: Dama fiya ba ta karɓe ni ba.

BAZAZZAGI: Wanne ya fi zafi? A tambayi matar.

MAI SHAGO: (Ta nuna mai ruwan goro.) No pica. Poquito.

YARO: Ta ce ba zafi, ɗan kaɗan ne. Amma Baba, idan ɗan Meksiko ya ce ɗan kaɗan, ka nemi inda ƙofa take. Habanero ne, ɗan'uwan attaruhu.

BAZAZZAGI: Ni? Ni da aka yaye ni da yajin Tudun Wada? Zuba!

(Ya malala cokali uku, ya cusa a baki. Shiru. Ya cire hula ya ajiye a tebur. Ya cire tabarau. Ya kama gefen tebur da hannu biyu.)

ALHAJI: Tafinta, yaya? Fassara mana.

BAZAZZAGI: Ba... ba komai. Tuna marigayi kakana na yi.

MALAM: Allah ya jiƙansa. Tun daga kunne kake yi masa kuka?

BAZAZZAGI: Ruwa! Yaro, yaya ake ce ma ruwa?

ALHAJI: Shekara ashirin ana kallon ƙwallo, ko sau ɗaya ba a sha ruwa a filin ba?

(Mai shago ta zo da gudu da kofi cike da wani farin abin sha. Bazazzagi ya shanye a tsaye.)

BAZAZZAGI: Kunun shinkafa ne! Da kirfa! Matar nan ya ceci rai.

YARO: Orchata. A Sifen da aya suke yi, kunun aya sak. Nan suka mayar da shi na shinkafa. Wancan tulun kuma tamarindo.

MALAM: (Ya kurɓa.) Tsamiya ce. Tamrul Hindi! Na gaya muku gida muka zo.

ALHAJI: Ni a ba ni wancan jan. Da ganinsa na manya ne. Me sunansa?

YARO: Hamaika.

ALHAJI: Ka ji suna. (Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya ajiye kofin a hankali.) Yaro.

YARO: Na'am, Kawu.

ALHAJI: Zoɓo ne.

YARO: E, Kawu.

ALHAJI: Ko citta babu, ko kanumfari. Nawa kofi?

YARO: Dala 4.

ALHAJI: Naira 6,000! Zoɓon da yara ke ƙullawa a leda suna bin mutane a tasha! Ce mata ina son ganin inda ta samo shi.

(Mai shago ta shiga ciki, ta fito da ƙaramin buhu. Alhaji ya karɓi tabarau ɗin Bazazzagi ya karanta jikin buhun.)

ALHAJI: Najeriya. Wallahi Najeriya aka rubuta. (Ya ɗebo, ya murza, ya sunsuna.) Na Jigawa ne. Na san shi, ya san ni. Bara sai da na loda tirela biyu a Dawanau, dillali ya ce mini Turawa ne ke rina tufafi da shi, na ba shi a farashin tausayi.

YARO: Meksiko na cikin manyan masu sayen zoɓonmu, Kawu. Kwantena-kwantena ake kai musu.

ALHAJI: Kwano ɗaya ya yi kofi ɗari. Ɗari sau 6,000... Malam, riƙe ni.

MALAM: Ina riƙe da tsamiya.

(Aka kawo takardar kuɗi.)

ALHAJI: Wannan ba shi ne lissafin allo ba. Wa ya ci wannan na ƙasan?

YARO: Harajin ciniki ne, kashi 8.25 cikin ɗari. Ba a rubuta shi a allo, sai wajen biya.

ALHAJI: Gwamnati ta zauna da mu a tebur ba mu gan ta ba? Wannan layin da aka bari babu komai fa?

YARO: Na tukuici ne. Ana ba da kashi 15 zuwa 20.

ALHAJI: Ni na sayi kaya, ni zan ba da gyara? Ce mata albarka. Ce mata ta cire kuɗin zoɓo, nawa ne, ziyara na kawo masa.

BAZAZZAGI: Ka biya mu tafi, cikina ya fara kiran sallah.

(Alhaji ya ƙirga kuɗi sau biyu, ya ajiye. Mai shago ta miƙa masa ƙananan robobi huɗu cike da salsa, ta ce wani abu tana murmushi.)

YARO: Ta ce ku dawo gobe, ohala.

MALAM: Ohala?

YARO: Kamar in sha Allahu. Shi ma daga Larabci.

MALAM: Alhaji, ba ta tukuicin nan.

ALHAJI: Malam, ka ba ta addu'a, ta fi kashi 20. (Ya zaro waya.) Ƙarfe nawa a Kano?

YARO: Awa shida suka riga mu. Ɗayan dare ta wuce.

ALHAJI: Ya tashi. Halo? Kai, tashi! Buhu nawa suka rage a sito? Kada ka sayar ko da kwano ɗaya. Idan dillalin nan ya zo, ce masa ba zoɓo muke da shi ba, hamaika ce. A'a, ba Hama Ika ba, wane ne kuma Hama? Ha, mai, ka! Yaro, karɓi robobin nan, ka ce ta ƙaro biyu na mai ruwan goron, Bazazzagi zai yi sahur da shi.