Ta wace hanya za a zaɓo su?

Wani labari ya ce za a riƙa ba fitattun masu aikin sa-kai a asibiti lambar yabo duk shekara. To madalla, amma in dai daga rajistar ofis za a ɗauko sunaye, mutanenmu Hausawan Legas ba za su taɓa shiga ba. Ku leƙa Idi-Araba, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) yake, ku ga samarin da ke raka majinyatan da aka kawo daga Mile 12 ko Agege, waɗanda ba sa jin Yarbanci balle Turanci. Su ke tafinta tsakanin likita da mara lafiya, su bi layin yankar kati, su yi ta buga waya da tsakar dare ana neman wanda zai ba mai naƙuda jini. In rai ya yi halinsa, 'yan agaji ne ke bin takardun fito da gawa har a kai ta makwanci. Shi kuma ɗan'uwan da ya ce aikin Allah ba ya buƙatar lambar yabo, gaskiya ne ladan na wurin Allah, sai dai yabon gwani ya zama dole. Ni ma dai katin shaida, wanda maigadi zai gani ya bar su su shiga, ya fi min kofin da za a ajiye a kan talabijin. Shin kwamitin zaɓen zai tuntuɓi sarakunan Hausawa da limaman unguwanni kafin ya fitar da sunaye?