Mantol ba ya buɗe hanci

Da hunturu ya shigo Damagaram, sai a hau neman man shafawa mai yaji da alewar na'ana'a, wai suna buɗe hanci, suna kashe mura. Na gaji da jin haka, kodayake masu faɗa suna da hujja: ana jin sauƙi da gaske.

Sinadarin cikinsu, mantol, asalinsa ganyen na'ana'a ne. Jijiyoyin jin sanyi yake taɓawa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka iska na wucewa, alhali kumburin hanci na nan. Tsotsi alewar, ka kurɓi ruwan randa: za ka ji kamar na ƙanƙara, ruwan kuwa bai sauya ba.

Babba ya shafa a ƙirji ba laifi. Jariri kam, kada a shafa masa a hanci, yana iya sarƙe masa numfashi.